Hutun da Ke Cika Taru

Karatu: Littafin Firistoci 25:1-7 da 18-22, Fitowa 23:10-11



A karatunmu na yau Ubangiji ya ba Isra'ilawa wata doka mai wuyar karɓa. Ya umarce su su yi shekara 6 suna noman gonakinsu, a ta bakwai kuwa su bar ƙasa ta huta. Allah ya san abin da zai taso a zuciyar manomi in ya ji wannan. Shi ya sa a aya ta 20 ya riga su kawo tambayar da kansa: ina abinci zai fito a shekarar da ba wanda ya taɓa fartanya? Tambayar mai iyali ce, Ubangiji kuwa bai tsauta musu a kanta ba. Ya yi musu alkawari cewa amfanin shekara ta shida zai kai su har sabon girbi.

Yau ina so mu ɗauki wannan tambaya mu kai ta bakin teku. A can akwai masunta da suka yi ta ido da ido, kuma amsar da suka samu za ta taimake mu mu gane hikimar da ke cikin dokar Allah.

Mene ne dutsen murjani?

Yawancinmu mun san murjani a wuyan iyayenmu mata. Wannan jan dutsen ado daga teku yake fitowa, musamman Bahar Rum, fatake kuwa sun daɗe suna ratsa Sahara da shi zuwa kasuwanninmu. Littafin Ayuba 28:18 ya ambaci murjani cikin kayayyaki masu tsada, domin ya nuna cewa hikima ta fi su daraja.

Murjanin ado yana da dangi waɗanda ba a sa su a wuya. Su ne masu gina manyan duwatsu a ƙarƙashin ruwa, a tekunan ƙasashe masu zafi, inda ruwa ba zurfi kuma hasken rana yana kaiwa ƙasa. Wanda ya gan su zai ce dutse ne ko itace mai rassa, amma halittu ne masu rai. Ƙananan dabbobi ne, da yawansu ba su fi ƙwayar dawa girma ba, suna zaune dubbai a wuri ɗaya. Kowace tana gina wa kanta ɗan ɗaki na farar ƙasa mai tauri. In ta mutu, ƴaƴanta su yi gini a kan nata. A cikin jikinsu kuma akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, waɗanda suke yin abinci da hasken rana suna ciyar da mai gidan. Su ne kuma suke ba murjanin launinsa.

Ginin nan ba ya sauri. Irin murjanin da ke yin dunƙule yakan ƙaru da santimita 1 ko 2 kawai a shekara. Amma da haka aka gina Babban Shingen Murjani na Ostareliya, mai tsawon kilomita wajen 2,300. A Bahar Maliya ma akwai su. Ƴan'uwanmu da ke zaune a Port Sudan suna maƙwabtaka da Sanganeb, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016.

Dukiyar da ke ciki

Duwatsun murjani ba su rufe ko kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, duk da haka wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku suna zama ko kiwo a cikinsu. Ramukansu su ne ɗakin haihuwar kifi da mafakar ƙanana. Miliyoyin iyalai a Asiya, da gabashin Afirka, da tsibiran Karebiyan da na Pasifik, daga nan suke samun naman miyarsu da kuɗin makarantar yara.

Suna kuma tsare gari. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa duwatsun nan suna karya wajen kashi 97 cikin 100 na ƙarfin raƙuman ruwa kafin su iso gaɓa. In babu su, sai gwamnati ta gina katangar siminti mai cin kuɗi, wadda in ta tsage ba ta gyara kanta. Murjani kuwa, in yana da rai, yana sake toho.

Baƙi ma suna zuwa kallonsu. A 2017 masana sun ƙiyasta cewa yawon buɗe ido da ya dogara ga murjani yana kawo dalar Amurka biliyan 36 kowace shekara a duniya. A wannan shekara kuma aka lissafta cewa shingen Ostareliya kaɗai yana kawo wa ƙasar dalarta biliyan 6.4 a shekara, da aikin yi ga mutum wajen 64,000.

Ɗan'uwa, ka lura da abu ɗaya. Duk wannan riba ta mai rai ce. Murjanin da aka fasa aka ƙone don a sami farar ƙasa, sau ɗaya ake sayar da shi. Wanda aka bari a ruwa yana biyan mai shi kowace shekara, ya biya ƴaƴansa, ya biya jikokinsa. A Farawa 1:20-22, a rana ta biyar, Allah ya sa wa halittun ruwa albarka su hayayyafa su cika teku, tun kafin a halicci mutum. Masunci bai shuka kifi ba. Albarkar da Allah ya furta tun farko yake jawowa a tarunsa.

Abin da ya faru a Sumilon

A tsakiyar ƙasar Filifin akwai ƙananan tsibirai biyu, Sumilon da Apo. A shekarun 1970 kamun kifi ya lalace ƙwarai a yankin. Mutane sun yi yawa, kifi ya ragu, sai masunta suka koma ga hanyoyin gaggawa. Wasu suna jefa nakiya a ruwa, kifi ya mutu ya taso, a kwashe. Wasu suna ɗaure duwatsu a igiya suna dukan murjani don su koro kifi cikin taru. Ranar da aka yi haka kwale-kwale yakan cika. Amma gidan kifin ya zama tsakuwa, baɗi kuma sai an ƙara nisa kafin a sami abin miya.

Wani masanin halittun ruwa mai suna Angel Alcala, na Jami'ar Silliman da ke birnin Dumaguete, ya kawo shawara. A 1974 aka keɓe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na murjanin Sumilon, aka hana kamun kifi a ciki. Mu kira shi hurumin kifi. Sauran ruwan kuwa masunta suka ci gaba da su a ciki.

Shekara 10 hurumin yana tsaye. A 1984 tsaron ya rushe bayan canjin shugabannin yankin, mutane suka faɗa wa wurin da taru da nakiya. A lissafin ɗan adam, tun da an buɗe musu dukan ruwan, kamu ya kamata ya ƙaru. Amma da Alcala da abokin aikinsa Garry Russ suka auna, sai suka ga kifin da ake samu a tsibirin duka ya ragu da wajen rabi. Lokacin da suke kamu a kashi uku suna barin ɗaya, sun fi samu a kan lokacin da suka ci kashi huɗun gaba ɗaya.

Dalilin ba boyayye ba ne. A cikin hurumi kifi yana samun damar tsufa, babbar uwar kifi kuwa tana zuba ƙwai ninkin-ba-ninkin na ƙarama. Ruwa yana kwasar ƙwan da ƴaƴan ya kai su waje. In hurumin ya cika, manyan ma suna ƙetare iyaka su faɗa tarun masunci. Ashe hurumin rumbun iri ne. Manomin da ya tuƙa tuwo da irinsa zai ƙoshi a daren nan, amma damina za ta same shi hannu wofi. Maimaitawar Shari'a 22:6-7 ta koyar da wannan tun da daɗewa: wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu, an yarda masa ya ɗauki ƴaƴan, amma uwar sai ya sake ta. An kuma haɗa wannan ƙaramar doka da alkawarin zaman lafiya da tsawon rai.

Abin da ya faru a Apo

Mutanen Apo da suka ji shawarar hurumi ba su yi murna ba. Tsibirin ƙarami ne, mazaunansa ƴan ɗaruruwa ne, kusan kowane gida da kifi yake rayuwa. Tambayarsu ita ce ta Firistoci 25:20. Mutumin da bai tabbata da abincin gobe ba, yaya za a ce masa ya bar wani yanki na ruwansa?

Ba a tilasta musu ba. An yi ta zama da su, an kai waɗansu Sumilon suka ga kifi da idonsu. A 1982 iyalai kaɗan suka yarda suka keɓe wajen kashi ɗaya cikin goma na murjanin tsibirin. Su da kansu suke gadi daga bakin gaɓa, suna karɓa-karɓa. Da sauran suka ga kifi yana dawowa, a 1985 jama'ar tsibirin suka amince gaba ɗaya. Suka hana nakiya da guba da dukan murjani a kewayen tsibirin duka.

Amfanin bai zo a wata ɗaya ba. Shekaru aka yi kafin manyan kifaye su yawaita a bakin hurumin. Amma kafin shekara 20 su cika, abin da mai ƙugiya yake kamawa cikin awa ɗaya ya ninka sau da yawa, kuma ba sai ya yi doguwar tafiya cikin teku ba. Masu ninƙaya suka fara zuwa daga ƙasashe dabam-dabam suna biyan kuɗin shiga. Garuruwa da yawa a Filifin suka kwaikwayi Apo. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mutanen Apo dutsen murjani suka dafa.

Irin wannan ya faru a Cabo Pulmo ta ƙasar Meziko. Mutanen ƙauyen ne suka nemi a kare ruwansu, aka mai da shi gandun ƙasa a 1995. Tsakanin 1999 da 2009 nauyin kifin da ke wurin ya ƙaru da fiye da kashi 460 cikin 100.

Me ya bambanta Apo da Sumilon? A Sumilon dokar daga waje ta zo, da masu riƙe da ita suka canja sai ta faɗi. A Apo dokar ta shiga zuciyar masu ruwan. Haka yake a al'amarin Allah. Dokar da ke kan takarda kawai, ranar da mai gadi ya yi barci ta ƙare. Shi ya sa a Irmiya 31:33 Ubangiji ya yi alkawarin sabuwar yarjejeniya wadda za a rubuta a zuciya.

Darussa uku

Na fari, ƙasa da teku na Allah ne, mu masu riƙon amana ne. A wannan sura ta 25, aya ta 23, Ubangiji ya tuna wa Isra'ila cewa ƙasar tasa ce, su baƙi ne a wurinsa. A Farawa 2:15 aiki biyu aka ba Adamu a gonar Aidan, ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mun iya na farin sosai. Na biyun ne muke mantawa. Mai jefa nakiya a ruwa yana ganin kifin ba na kowa ba ne. Yana da Mai shi, kuma akwai waɗanda ba a haifa ba tukuna da suke da rabo a ciki.

Na biyu, hutun da aka hana ƙasa bashi ne, za a kuwa biya shi. Isra'ilawa ba su kiyaye shekarun hutun nan ba. Littafin 2 Tarihi 36:21 ya nuna cewa sa'ad da aka kwashe su zuwa Babila, ƙasar ta karɓi hutunta na shekara 70. Annabi Yusha'u kuma, a sura 4, ya haɗa rashin gaskiya da rashin jinƙai a cikin jama'a da ƙarewar namun jeji, da tsuntsaye, har da kifin teku. Ruwan da ba a ba shi hutu da yardar rai ba, zai huta da kansa ranar da babu sauran abin kamawa. Wannan hutun ba ya barin wa kowa abinci. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na uku, hutun Allah ba ya zaluntar matalauci. Fitowa 23:11 ta ce abin da ya tsiro da kansa a shekara ta bakwai rabon matalauta ne, ragowar kuma na namun jeji. Saboda haka hurumin da aka kori ƙaramin masunci daga cikinsa, aka bar manyan jirage suna kwasa, ko aka miƙa gaɓar ga masu otel, bai cika nufin Allah ba. Akwai wurare da yawa a duniya da sunan kariya a takarda, amma ba mai gadi, ba kuma wanda ya nemi shawarar mazauna wurin. A taron Montreal na 2022 ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kare kashi 30 cikin 100 na teku da ƙasa kafin 2030. Alkawari ne mai kyau. Ma'auninsa shi ne ko matar masunci za ta sami kifin sayarwa a kasuwa.

Kada mu yi wa Allah ciniki

Wani zai ce, to, in na bar kashi ɗaya, lalle Allah zai ninka mini. A yi hankali. Biyayya ba caca ba ce. A 2011 da 2012 manyan guguwa biyu sun bugi Apo, suka farfasa yawancin murjanin da ke cikin hurumin da aka yi shekara 30 ana gadi. Akwai kuma masifar da iyaka ba ta tare ta. In ruwan teku ya ɗara zafin da ya saba da digiri 1 kawai na makonni, murjani yakan fitar da tsirran nan da ke ciyar da shi, ya yi fari fat kamar ƙashi. In zafin ya daɗe sai yunwa ta kashe shi. Tsakanin 2009 da 2018 duniya ta yi asarar wajen kashi 14 cikin 100 na murjaninta, a 2024 kuma aka sanar da farin murjani na duniya karo na huɗu. Hayaƙin da ke ɗumama duniya yawancinsa ba daga ƙauyukan masunta yake fitowa ba, amma su ne suke fara shan wuyarsa.

To, ina amfanin hurumi? Amfaninsa shi ne, murjanin da ba a fasa ba, wanda kifayen da ke cinye gansakuka suke nan suna share shi, ya fi samun damar farfaɗowa bayan masifa. Mai lafiya da marar lafiya duk zazzaɓi yana kama su, amma ba ɗaya suke tashi ba. Haka mai bi yake. Yesu bai ce guguwa ba za ta bugi gidan mai hikima ba. A Matiyu 7 gidaje biyun duka ruwa da iska sun buga su. Bambancin yana a harsashi.

Mu fa?

Da yawa cikin masu karanta wannan ba su taɓa ganin teku ba. Amma hikimar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu suna barin gona ta zama saura har ta dawo da ƙarfinta. A Argungu akan hana su a Matan Fada har sai ranar biki, shi ya sa ake fito da manyan kifaye a wurin. Wanda yake su a kogin Kwara, ko tafkin Chadi, ko tabkin ƙauyensu, ya san abin da gidan sauro yake yi in aka mai da shi taru: yana kwashe har ƴaƴan da ba su kai yatsa ba. Ya san kuma abin da guba take yi wa ruwan da mutane da dabbobi suke sha. Mai bin Yesu kada a same shi a cikin wannan. In kai dattijo ne a ikilisiya ko mai faɗa a ji a gari, ka goyi bayan lokacin hana su, ka kuma tabbata an tuna da gidajen da za su ji jiki a watannin.

Tambayar ta wuce kifi. Kowannenmu yana da wurin da yake jefa nakiya saboda tsoron gobe. Wani jikinsa ne, ba ya hutawa ko ranar Lahadi. Wani ƴaƴansa ne, ya cire su daga makaranta don ribar yau. Wani itatuwan gonarsa ne, ya sare har kututture. Tushen duka ɗaya ne: muna tsoron cewa in muka saki hannu, ba mai riƙe mu. Isra'ilawa a jeji sun ɓoye manna don gobe, ta kwana ta yi tsutsa. Amma wadda suka ajiye don Asabar bisa ga umarnin Ubangiji ba ta lalace ba. Ka karanta Fitowa 16 ka gani.

Almajiran Yesu na fari masunta ne. A Luka 5 Bitrus ya kwana yana fama bai kama kome ba, da ya bi maganar Ubangiji kuwa taru ya cika har yana shirin yagewa. Abin mamaki shi ne abin da ya biyo baya: ya bar kifin a gaɓa ya bi Yesu. Ya gane cewa Mai ba da kifi ya fi kifi. Wanda ya gane wannan ne kaɗai yake iya duban ruwa mai kifi ya ce, wannan yanki ba zan taɓa ba. A Matiyu 11:28 Yesu yana kiran masu wahala da masu nauyin kaya su zo wurinsa su sami hutu. Zuciyar da ta huta a cikinsa ita ce take iya barin gona, da ruwa, da ma'aikaci su huta.

Abin tunani: Wane abu ne Allah ya ba ka amana wanda kake cinye irinsa saboda tsoron gobe? Wane mataki ɗaya za ka ɗauka a wannan mako don ka ba shi hutu?

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, Mahaliccin teku da dukan abin da ke cikinsa, mun gode maka domin abincin da kake fitar mana daga ruwa da ƙasa. Ka gafarta mana haɗama da rashin dogara gare ka. Ka tuna da masunta a tsibirai da bakin koguna, waɗanda tarunsu yake dawowa wofi. Ka ba shugabanni gaskiya, su tsare ruwa ba tare da sun danne matalauci ba. Ka koya mana mu ɗauki abin da ya ishe mu, mu bar wa ƴaƴanmu rabonsu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.